Mijina ya haura shekara biyu a Libiya, wane magani zan sha sha'awa ta ɗauke min?

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana da garinmu. Shekarata 28, 'ya'yana biyu. Maigidana ya tafi ci-rani Libiya da alƙawarin shekara ɗaya, yanzu ana neman shekara biyu da rabi. Bai rage mu da komai ba, duk wata yana aike, kuma yana gini. Ina zaune a gidansu tare da mahaifiyarsa. Matsalata sha'awa ce, wani daren har kuka nake yi, ga yawan mafarki. Wata ƙawata ta ce in riƙa jiƙa jar kanwa ina matsa lemun tsami ina sha safe da yamma. Wata uku ke nan ina sha, ban ga canji ba sai ciwon kai da ƙwannafi, ƙafafuna ma suna ɗan kumbura. Yanzu ta ce in je a yi min allurar wata uku, ko in sayi ƙwayar da ake ba masu ciwon damuwa a kemis, wai tana kashe abin gaba ɗaya. Wata kuma ta ce kafur. Abin da ya fi ba ni tsoro, wani da ya taɓa nemana kafin aure ya samu lambata yana gaishe ni, kuma na fara jin daɗin gaisuwar. Ban taɓa saɓa wa Allah ta wannan hanyar ba, ba na so in fara. Ba zan iya faɗa wa maigidan ba, zai ɗauke ni mara kunya ko ya fara zargina. Wane magani zan sha har ya dawo?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Allah ya saka miki da alheri a kan tsare kanki da kika yi duk tsawon lokacin nan, ya dawo miki da maigidanki lafiya. Kafin mu shiga abin da ya kawo ki, akwai wanda ba zai jira ba: ki ajiye kanwar nan daga yau. Ciwon kai da kumburin ƙafa a jikin wadda ta yi wata uku tana shan jiƙon kanwa safe da yamma ba abin da ake cewa bari mu gani ba ne. Cikin makon nan ki je asibiti, ko na unguwarku ne, a auna jininki, ki faɗa musu abin da kike sha da tsawon lokacin da kika ɗauka. Idan kunya ta hana ki faɗin dalili, ba sai kin faɗa ba. "Ina shan kanwa kullum" ya ishe su.

Kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin miya, wanda ake hana masu hawan jini, shi ne fal a cikinta. Yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya hau, zuciya da ƙoda su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma yawancinmu mun wuce haka tun daga miya da dunƙule kafin a zo ga jiƙon kanwa. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan masu jegon da ake kawo musu jiki ya kumbura, suna haki, zuciya ta gaza, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Wannan kunu ne ma, ana damawa da gero. Ke kuwa tsurarta kike sha. Kumfar nan da ke tasowa idan kin matsa lemun a kai, wadda ake cewa ita ce alamar haɗin ya yi ƙarfi, tsamin lemun ne da kaifin kanwar suke kashe juna. Abin da ya rage a kofin ruwa ne mai gishiri-gishiri, kuma shi kike ɗura wa cikinki sau biyu a rana.

Zancen cewa kanwa tana kwantar da sha'awa tsoho ne. Duk wadda ta yi makarantar kwana ta ji ana cewa da gangan ake zabga ta a waken makaranta. Masu girki dai don wake ya nuna da wuri itace ya yi auki suke zubawa. Sojojin Amurka da na Turai ma sun daɗe da irin wannan jita-jita, su kuma cewa suke ana barbaɗa musu sinadarin da ake haɗa albarushi da shi a abinci, kuma babu binciken da ya tabbatar da ko ɗaya daga cikin zantukan biyu. Ke kanki shaida ce: wata uku, sha'awar tana nan, lafiyar ce take tafiya.

Kafur kuwa kada ki ko kusance shi. Farin ƙwallon nan da muke jefawa a akwatin kaya don kyankyaso, wanda shi yawanci ake nufi idan an ce kafur a kasuwa, guba ne. Yana farfasa ƙwayoyin jini, musamman a jikin masu wani rauni na gado a jininsu, wanda yake da yawa a Najeriya kuma mafi yawan masu shi ba su san suna da shi ba. Idanu su yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, wani sai an yi masa ƙarin jini. Ainihin kafur ɗin na itace shi ma idan an haɗiya jijjiga yake kawowa.

Abin da ƙawarki ta faɗa a kan magungunan asibiti yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ya fi kanwar haɗari. Akwai magungunan da suke rage sha'awa da gaske. Na ciwon damuwa irin su fluoxetine da sertraline da paroxetine suna yi wa mutane da yawa haka. Wasu magungunan taɓin hankali suna yi, wasu na hawan jini suna yi, akwai kuma alluran da ake yi wa maza masu kansar prostate (wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) don a sauke musu sinadarin mazakuta ƙasa warwas. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da aka yi domin lafiyayyar mace mai kewar mijinta. Raguwar sha'awar illa ce da majinyaci yake haƙuri da ita saboda ciwon da ake yi masa magani ya fi ta girma. Kuma maganin ba ya zaɓe. Kamar wanda ƙwan fitila ɗaya ya hana shi barci ne ya je ya yanke wayar wutar gidan gaba ɗaya. Masu shan ƙwayoyin damuwa da yawa suna cewa ba sha'awa kaɗai ce ta dushe ba, har farin ciki da tausayi da ɗokin ganin 'ya'yansu sun yi sanyi. Ba a kuma barin su rana ɗaya, don idan an yanke kwatsam sai jiri da rashin barci da faɗuwar gaba su taso. Abin da na fi so ki riƙe shi ne, a 2019 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta sa a rubuta gargaɗi a takardar irin waɗannan ƙwayoyi cewa a wasu mutane matsalar kwanciyar aure tana zarcewa ko bayan an daina shan maganin. Ke nema kike ta ɗauke har ya dawo. Babu mai kemis ɗin da zai iya yi miki alƙawarin ranar da ya sauka ita ma za ta dawo.

Allurar wata uku kuma ta tazarar haihuwa ce, kuma tana da amfaninta ga masu buƙatarta. Wasu matan suna jin sha'awarsu ta ragu a kanta, da yawa ba sa jin wani bambanci, don haka caca za ki yi. Abin da aka fi gani shi ne rikicewar al'ada, ɗigon jini yau da gobe har mace ta rasa gane ranar sallarta da ta hutunta, ga ƙiba, ga kuma jinkirin samun ciki da kan kai wajen shekara bayan allurar ƙarshe. Sannan ki duba inda kike zaune. Matar da mijinta ya haura shekara biyu ba ya ƙasar, a tsinci katin tazarar haihuwa a jakarta a gidan surukai, ko wata 'yar unguwa ta gan ta a layin allurar. Wa zai tsaya ya saurari bayaninki? Abin da kika yi don ki tsare mutuncinki shi zai zama hujjar masu son ɓata shi.

Tiramadol da kodin da ƙwayoyin barci ban ma so in ambace su ba, amma na san idan wannan bai yi ba su ne shawara ta gaba. Suna dusar da sha'awa, suna rikita al'ada, sannan su kama mutum ya kasa rabuwa da su. Saboda irin ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi, har a cikin ɗakunan matan aure, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a 2018. Mata da yawa da suka faɗa ciki da "bari in sha in samu barci" suka fara.

Wanda kaɗai ba zan hana ki ba shi ne shayin na'a-na'a. An yi ƙananan gwaje-gwaje a Turkiyya a 2007 da Ingila a 2010 a kan mata masu fitowar gashi a fuska, aka ga kofi biyu a rana ya ɗan sauke musu sinadarin mazakuta a jini. Matan kaɗan ne, kwanakin kaɗan ne, kuma ba sha'awa aka auna ba. Idan kina son shayin ki sha, sai dai kada ki ɗora masa buri, kuma tunda kina fama da ƙwannafi ki lura, don yana tayar wa wasu da shi.

Malamai ma sun riga mu tattauna wannan. A sharhin hadisin da Annabi (SAW) ya umarci matasan da ba su da halin aure da yin azumi, Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa wasu malamai sun fahimci halascin shan magani don rage sha'awa, sai ya ce ya kamata a ɗauki wannan a kan maganin da yake kwantar da ita, ban da wanda yake kashe ta daga tushe, domin mutum zai iya samun hali daga baya ya yi nadama. Har kafur ya ambata da sunansa, ya ce malaman Shafi'iyya sun hana a karya ta da shi. Idan haka aka ce wa wanda bai yi aure ba, ina ga ke da kike da miji yana raye, wanda yake da haƙƙi a jikinki kamar yadda kike da shi a nasa?

To, amsar tambayarki ke nan kai tsaye: babu maganin da zan ba ki. Ba rowa nake yi miki ba, babu shi ne. Kuma ban ga ciwo a wasiƙarki ba in ban da wanda kanwa ta sa miki. Mace mai shekara 28, mai lafiya, wadda ta san daɗin aure har ta haifi biyu, a ce ta shekara biyu da rabi ita kaɗai a ɗaki ba ta ji komai ba, wannan ne ma zai sa in ce a kai ta asibiti. Mafarkin ma ba laifi ba ne. Ummu Sulaim ta zo gaban Annabi (SAW) ta ce Allah ba ya jin kunyar gaskiya, shin akwai wanka a kan mace idan ta yi mafarki? Ya ce e, idan ta ga ruwa. Bai yi mata faɗa ba, bai ce aljani ya aure ta ba. Na faɗi haka ne don na san za a iya ce miki namijin dare ne, a fara karɓe miki kuɗin da ake aiko wa yara da sunan hayaƙi da rubutu. Ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma da na kwanciya, wannan kariya ce ga kowa. Amma bayanin abin da ke damunki yana fili. Haka nan idan wata tsohuwa ta ce ai don ba a yi miki kaciya ba ne, ko ta kawo zancen wanzami, ki toshe kunnenki. Sha'awa daga ƙwaƙwalwa da sinadaran jini take tasowa, aska ba ta kai can, sai dai ta bar mace da zubar jini da tabo, wata ma da yoyon fitsari.

Akwai labarin da malaman tarihi da fiƙihu suke kawowa na Sayyidina Umar. Yana zagayen dare a Madina sai ya jiyo wata mata a ɗakinta tana rera baitoci, tana cewa dare ya yi mata tsawo babu abokin hira, kuma ba don tsoron Allah ba da an ji motsin gadon nan. Ya bincika, aka ce mijinta yana wurin yaƙi. Ya je ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta. Ruwayoyi sun saɓa tsakanin wata huɗu da wata shida, ya kuma kafa doka kada a riƙe mayaƙi fiye da haka. A wata ruwayar har ya tura wata mata ta zauna da ita, ya aika aka dawo da mijin. Ki lura da wanda aka aika wa saƙo. Mutumin nan jihadi ya tafi, amma shi aka kira, matar kuwa ba a ce ta jiƙa komai ta sha ba. Ke kin ninka wannan wa'adi sau huɗu ko fiye, kina kuma ganin kanki mai laifi.

Ban ce maigidanki mugu ba ne. Mutumin da yake aike duk wata daga ƙasar da baƙo ke kwana da ido ɗaya, bai manta da ku ba. Wataƙila shi ma yana kwana da irin abin da kike kwana da shi, yana dannewa. Akwai kunyar dawowa ba a kammala abin da aka fita nema ba, akwai mahaifiya da ƙanne da suka dogara da shi, akwai tsoron in ya fito komawa za ta gagara. Kuma a lissafinsa, tunda kullum kika ɗauki waya cewa kike lafiya lau, babu komai, to lafiya lau ɗin ce. Maza da yawa sun ɗauka idan buhun shinkafa ya shiga gida an gama sauke haƙƙi, ba kuma don mugunta ba, haka suka taso suka gani. Gini kuwa ba ya ƙarewa. In an kai linta a ce sai an rufa, in an rufa a ce sai filasta, daga nan sai tayil, sai katanga, sai get. Idan kika bar shi da ginin, shekara biyar ma za ta iya cika. Ba zai gyara abin da bai san ya ɓaci ba, kuma ke kaɗai ce za ki iya sanar da shi.

Kin ce zai ɗauke ki mara kunya. Ya danganta da yadda kika faɗa. Kada ki yi maganar ranar da kuka yi saɓani, kada ki haɗa ta da zancen kuɗi, kada kuma ki sa ta a sigar barazana irin ta "in wani abu ya faru kai ka ja". Wannan ita ke haifar da zargi a zuciyar mutumin da yake nesa ba ya ganin komai. Idan baki ba zai iya ba, ki rubuta masa, ko ki yi saƙon murya da dare bayan yara sun yi barci. Abu kamar haka ya isa: "Abban yara, na gode da duk ɗawainiyar da kake yi, ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sutura ba. Amma ni kai na aura. Ina kewarka irin kewar da mace take yi wa mijinta, kuma abin ya fara yi min nauyi har yana hana ni barci. Na fi son ɗaki biyu kana ciki da gida guda ba ka nan. Don Allah ka sa mana rana." Namiji mai hankali idan ya ji wannan daga matarsa, abin da zai fara ji shi ne ana son sa. Mata da yawa sun sha mamakin amsar da suka samu.

Abin da za ki nema shi ne rana, ba "in sha Allahu na kusa" ba. Kafin azumi, ko Babbar Sallah, wani lokaci dai da za ki iya ƙirgawa. Haƙurin da aka san ƙarshensa ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Ku duba zaɓin tare: ya zo ya yi wata biyu ya koma idan takardunsa sun ba shi dama, ko ya rufa ɗaki biyu a ginin ku tare, ya dawo da ragowar kuɗin ya ja jari a gida. Ban ba ki shawarar ki bi shi can da yara ba. Idan kuma ba shi da takardu, kada matsinki ya sa ya faɗa hanyar sahara da gaggawa. Ya nemi ofishin jakadancin ƙasarku a Tarabulus, domin hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana dawo da masu son komowa gida daga Libiya ta jirgin sama.

Idan kin faɗa sau ɗaya, sau biyu, ya share, sai a sa manya. Mahaifiyarsa mace ce, ta san abin da ake nufi ko ba a fasa ba, amma ki tuna ita ma tana cin moriyar zamansa a can, kuma kunyar suruka ba za ta bar ki ki yi mata bayani ba. Gara ki samu mahaifiyarki ko gwaggonki, ita ta kai wa waliyyinki, shi ya kira shi a matsayin magana tsakanin maza: yarinya ta yi haƙuri, lokaci ya yi. Ki kuma san cewa shari'a ba ta bar ki haka ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, idan miji ya yi doguwar tafiya, wadda malamai da yawa suka ƙaddara da shekara ɗaya zuwa sama, matar ta cutu har tana tsoron faɗawa haram, tana da damar kai kuka gaban alƙali ko da ana aiko mata da abinci. Alƙali zai aika masa ya zaɓa: ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sawwaƙe mata. Ba ina tura ki kotu ba ne, ban ga alamar aurenki ya kai nan ba. So nake idan za ki yi magana ki yi ta a matsayin mai neman haƙƙinta, ki daina jin kamar alfarma kike roƙo.

Shi kuma mai gaisuwar, yau ɗin nan za ki toshe lambarsa, a kira da WhatsApp da duk inda yake samunki, ki goge hirar. Ba sai kin yi masa sallama ko bayani ba, domin bayanin ma wata hirar ce. Ya san ke matar aure ce, ya kuma san mijinki ba ya gari, ba don tambayar lafiyar yara ya nemo lambarki ba. Daɗin da kika ji bai sa kin zama mutuniyar banza ba. Kin daɗe ba wanda ya tambaye ki yaya kika kwana da muryar da take nufin tambayar, shi ke nan. Amma kin fi kowa sanin inda irin wannan take ƙarewa, shi ya sa kika rubuto. A ganina ba sai kin kai wa maigidan wannan labari ba tunda gaisuwa ce kuma kin yanke ta. Mutumin da yake wata ƙasa babu abin da zai yi da labarin sai ya kwana yana saƙe-saƙe. Idan mai gaisuwar ya sake ɓullowa ta wata lambar, ki haɗa shi da yayanki.

Kafin ranar ta zo, akwai abubuwan da suke rage nauyin, ko da ba su ɗauke shi duka ba. Ki fara da sanin jikinki. Sha'awar yawancin mata ba ɗaya take ba duk wata, tana tashi ne a kwanakin da ƙwai yake fita, wajen mako biyu kafin al'ada ta gaba, wasu kuma dab da zuwan jinin. Ki riƙa sa alama a kalanda wata biyu, za ki ga darare masu wuyar suna da lokacinsu. Idan kin gane su sai ki shirya musu: nan za ki sa azuminki, nan za ki kira ƙanwarki ta zo ta kwana biyu, ko ki nemi izini ki je gida. Azumin Litinin da Alhamis da na ranakun 13, 14 da 15 ga watan Musulunci shi ne abin da Annabi (SAW) ya nuna, kuma tunda maigidan ba ya gari ba ki buƙatar izininsa a kan na nafila. Ki bari dai a duba jininki da cikinki tukuna, kuma kada ki wuni da yunwa ki zo ki rama da soye-soye da kunun aya da dabino a buɗa-baki.

Sai dare, don nan ne yaƙin yake. Bayan isha'i, yara sun yi barci, gida ya yi tsit, daga ke sai waya. Ki duba abin da kike kallo da karantawa a wannan lokacin tsakaninki da Allah. Zaurukan matan aure da ake wuni ana zancen kayan mata da sirrin ɗaki, da labaran batsa da ake turowa shafi-shafi, da bidiyoyin TikTok da ɗaya ke jawo ɗaya, duk ki fita daga cikinsu har ya dawo. Idan akwai tsimi ko gumba a ɗakinki ki kyautar. Wayar ta kwana a falo tana caji. Ki rage barcin rana, ki gajiyar da jikinki da aiki na gaske, sana'a ko islamiyya ko koyon ɗinki, yadda kina kwanciya barci zai ɗauke ki. Ki dawo da yaran ɗakinki idan ba a nan suke kwana ba.

Hira mai daɗi da mijinki a waya halal ɗinku ce. Wasu tana sanyaya musu rai, wasu kuma ƙara musu wuta take yi su kwana ba barci, sai ki lura da wacce ce ke. Abin da zan hana ki shi ne tura hoto ko bidiyon jikinki. 'Yan ci-rani da yawa ɗaki ɗaya suke kwana su biyar su shida, ana aron waya, ana sace ta, ana ƙwace ta a shingen bincike, ana kai ta gyara.

Idan kin je awon jinin, ki nemi ganin likita mace ko ma'aikaciyar jinya babba, ki faɗa mata idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan: ƙaiƙayi ko zafi ko ruwa mai wari a gaba, don wani lokacin ciwon sanyi ne yake sa mace ta kasa sukuni ta ɗauka sha'awa ce, gashi a haɓa ko murya ta fara kauri, ko kwanaki a jere ba barci kuma ba gajiya, ga yawan magana da kashe kuɗi ba lissafi. Haka nan idan kukan daren ya zama na kullum, abinci ya fita ranki, kina jin rayuwar ta ishe ki. A nan ne maganin damuwa yake da wuri, likita ne kuma zai zaɓa ya bi ki a kai, ba ƙawa ko mai kemis ba. Ita ƙawar taki kada ki riƙe ta a rai, abin da ta ji ta faɗa miki, amma ki ce mata ita ma ta daina ba wasu wannan haɗin.

Ki sake rubuto min bayan kin yi magana da shi. Ina son in ji abin da awon jinin ya nuna, da kuma watan da ya ce zai zo.